Takunkumin da Na Wanke

Litinin, 3 ga Maris

A gafarce ni. Ban ma san wa nake roƙo ba, tunda ba mai karantawa. Ni ba mai yawan magana ba ce, ko a aji sai malami ya kira ni sau biyu kafin a ji muryata, balle in zauna ina rubuta cikina. Littafin ma ragowar na lissafi ne na zangon da ya wuce, bai kamata in ɓata shafukan da surutu ba. Amma dole in sauke abin da ya faru yau a wani wuri.

Yau ban je makaranta ba. Na raka Mama asibiti, don ni ce mai karanta mata takardu. Wata uku ke nan tana tari. Da fari atishawa ce da ruwan ido, muka ce mura. Daga baya ƙirjinta ya fara fito kamar butar shayi a kan wuta. Lahadi da ba ta zuwa aiki sai ta ɗan warware, kafin yammacin Talata abin ya dawo.

A kamfanin kafso take aiki, irin na ƙarin lafiya da mutane ke saya ba sai likita ya rubuta ba. Ita tana ɗakin ɗuri, inda ake zuba hoda a bakin inji yana cika kafson. Shekararta tara a kan injin nan. Hodar da suka fi yi tun bara daga ƙaron ɗanyar gwanda ake samo ta, wai tana taimaka wa ciki narkar da abinci. Enzayim. Mun yi shi a aji, har na ci tara cikin goma.

Nas ɗin masu ciwon ƙirji, wadda kowa ke ce wa Sista, ta sa Mama ta hura wani bututu sau uku. Ta ɗiga mata wani ruwa a hannu ta ɗan tsikari fatar, wurin ya tashi ja. Bayan ta dawo daga wurin likita ta ce asma ce, kuma aiki ne ya kawo ta. Wai jikin Mama ya ƙulla gaba da hodar, kuma irin wannan gabar jiki ba ya yafe ta. Ko ƙurar da ido ba ya gani ta isa ta tayar da ita.

Sai ta ciro takunkumi daga aljihun tebur, irin na Mama sak, fari, mai roba biyu da ɗan ƙarfe a wurin hanci.

"Irin wannan kuke sawa? Kullum sabo?"

Mama ta ce e.

"Madalla. Don wannan ba ya shiri da ruwa. In aka wanke shi ya mutu, ko ya fi auduga fari. Tsumma ne kawai a fuska."

Mama ta taka min ƙafa a ƙarƙashin tebur.

Wata bakwai ina wanke mata shi.

Talata, 4 ga Maris

Ba wanda ya sa ni. Wannan nake so in fara rubutawa, don kada wata rana in yi wa kaina ƙarya.

Sito, ɗakin ajiyar kayan kamfani, na ba su takunkumi ɗaya ranar Litinin, na sati guda. Kafin Laraba ya koma ruwan ƙasa, yana warin gumi da wani tsami-tsami. Doka ta hana fita da komai daga ɗakin ɗuri, amma Mama kan cusa nata a jaka, don a ɗakin canza kaya ana ɗauke wa mutum. Wata rana ina ciro kwanon abincinta na gan shi, na ji ƙyama a ce wannan ne a fuskar uwata. Na haɗa shi da safar makarantata. Na jiƙa, na goge da buroshi ciki da waje, na sa bula kaɗan, na shanya, na shimfiɗa ƙyalle a kai na goga.

Washegari da ta dawo ta ce, "Malama, Allah ya yi miki albarka. Har iska ta fi shiga." Malama take ce min tun da na shiga sakandare.

Iska ta fi shiga. Kuma na ji daɗi! Na kwana ina murmushi. Ni mai tara cikin goma.

Alhamis, 6 ga Maris

Da a kan Mama kaɗai abin ya tsaya.

Shugaban sashensu, wanda suke kira Mai Agogo don ko gaisawa kuke idonsa na kan hannunsa, shi ya fara lura. Ya tara matan ɗakin ɗuri ya nuna Mama, wai ku dubi wannan baiwar Allah, Juma'a ce amma takunkuminta kamar yanzu aka ɓare shi daga leda, ku yi koyi da ita. Bai tambayi yadda aka yi ba.

Da yamma sai ga Anti Rediyo, aminiyar Mama, wadda injinta ke kusa da nata. Tun daga ƙofa ake jin ta. "Ina farfesar gidan nan? Fito ki ba mu sirrin, ke da kike neman sa a kore mu saboda ƙazanta!" Na fito ina ɓoye fuska. Ta ce ita kanta ba ya riƙe bayani, in rubuta mata.

Na rubuta. Da rubutuna na jarrabawa, na ja layi da rula, mataki shida, har da "kada ki matse shi da ƙarfi." Suka manna a bayan ƙofar ɗakin canza kaya. Su goma sha ɗaya ne a ɗakin.

Yana nan manne har yau.

Lahadi, 9 ga Maris

An ba Mama hutun asibiti. Ranar 27 ga wata kamfani zai zauna a kanta, da takardar Sista a gabansu. In sun yarda aiki ne ya jawo, za su mayar da ita sashen manna takarda a kwalba, can tsallaken titi, inda hoda ba ta zuwa. In kuwa suka ji tana fita da takunkumi gida, sun sami abin kamawa. Sallama kawai.

Na tsaya a bakin ƙofarta na fi minti biyar kafin na ce, Mama, sauran fa?

Ta ce, "Waɗanne sauran?"

Na ce su Anti.

"Ki ja bakinki ki yi shiru. Maganar nan ta mutu a ɗakin nan. Kowa da jininsa, Sista ma ta faɗa, ba kowa hodar ke kamawa ba. Shekara tara ban taɓa makara ba, ba zan fita da sunan mai karya doka ba." Sai tari ya sarƙe ta, na miƙa mata maganin shaƙa da asibiti suka ba ta.

Gaskiya ne Sista ta faɗi haka. Ban san me ya sa bai sanyaya min rai ba.

Talata, 11 ga Maris

Baba ya bugo daga hanya, sai ƙarshen wata motarsu za ta juyo. Ya ce, "Ki kula min da ita, na san ki da tsabta." Na ce to, Baba.

Laraba, 12 ga Maris

Malamin kimiyya ya tambayi me ya sa ake tace ruwa da yashi mai laushi ba tsakuwa ba. Na san amsar. Na sunkuyar da kai har aka tashi.

Asabar, 15 ga Maris

Anti Rediyo ta zo duba Mama da lemo a leda. Ta cika gidan da labari: wai injin Mama ya ƙi sabuwar yarinyar da aka ɗora a kai, yana ta tofar da kafso rabi-rabi, Mai Agogo har ya manta da agogonsa. Mama ta yi dariyar da na daɗe ban ji ba.

Na ƙirga. Atishawa tara Anti ta yi kafin ta shanye shayinta. Idonta jawur, tana ta murza shi da gefen mayafi. Ta ce sanyin fanka ne.

Na raka ta bakin titi. Na ce, Anti, wankin nan a daina, na ji an ce yana lalata shi. Ban ce wa ya faɗa ba.

Ta tsaya ta kama ƙugu. "Au, farfesa ta canza lacca? To ranar Alhamis me zan sa, 'yata? Kin taɓa shaƙar takunkumin kwana huɗu? Ko akuya aka ɗaura wa sai ta kai ƙara." Ta ja min kunci. Ta ce takardata ma har 'yan aikin yamma sun kwafa, in daina tawali'u.

Har sun kwafa.

Na ce to a cire ta bayan ƙofar. Ta ce sai ta ga dalili a rubuce, tunda da rubutu aka fara. Tana dariya ta hau mota. Na ga ta sake yin atishawa ta taga.

Lahadi, 16 ga Maris

Na yi sallah, na roƙi Allah kada ya kama su da laifina. Sai na ji kunya, don a ƙasan zuciyata abin da nake roƙo shi ne kada a gane.

Alhamis, 20 ga Maris

Sai yau na iya zama in rubuta.

Shekaranjiya, Talata, na dawo daga makaranta Mama na kwance a falo tana sauraron rediyo. Kwana goma sha biyar ba ta je aiki ba, ƙirjin ya yi shiru, har ta fara share tsakar gida da kanta. Jakar aikinta na rataye a bayan ƙofa tun ranar da ta daina zuwa. Na san akwai tsofaffin takunkumi a ciki, waɗanda na wanke, Mama ba ta zubar da abu. Sai na yi tunanin in wani daga kamfani ya zo dubiya ya gani fa? Gara in kwashe in jefa a shara can nesa.

Ba don lafiyarta na yi ba. Don in ɓoye ne. Wannan ma in rubuta shi.

Na sauke jakar a nan cikin falon. Guda biyar na samu. Ƙasan jakar duk gari-gari, sai hannuna ya yi abin da ya saba, na kifa ta na kakkaɓe. Sau uku. Na ga ƙurar ta tashi a hasken taga, siririya, har da kyau.

Ba a yi minti goma ba. Ta tashi zaune, ta dafa gwiwoyi, wuyanta na shiga ciki duk jan numfashi. Abin shaƙar bai yi komai ba. Ta kasa ko kiran sunana, hannu kawai take yi. Na fita ba takalmi na buga wa maƙwabcinmu tela ƙofa, shi ya tsayar da mota.

A asibiti suka sa mata wani abu mai tururi a fuska. Ina tsaye jikin bango da kayan makaranta. Sista ta zo tana duba kati, ta ce abin ya ɗaure mata kai, mace tana gida sati biyu, me ta shaƙa? Ta tambayi Mama. Mama ta girgiza kai. Sista ta juyo gare ni.

Mama na kallona ta saman abin tururin. Na san kallon.

Ban san ta ina na fara ba. Na ji dai bakina na cewa jaka, buroshi, bula, mataki shida, su goma sha ɗaya, da 'yan yamma. Takunkuman biyar suna aljihun siket ɗina, ashe da su na fito. Na ɗora mata a tebur. Farare tas.

Sista ta sa safar hannu, ta zuba su a leda ta ƙulle. Na jira ta zage ni. Sai ta ce, "Guda nawa ake ba su?"

Na ce ɗaya, ranar Litinin.

"A rana?"

A sati.

Ta cire tabarau ta ajiye. Ta tambayi fankar da ke zuƙe ƙura a saman inji. Na ce Mama ta taɓa cewa tun bara take ƙara ba ta jan komai, har suna rataya mata hula.

Na ce, Sista, ni na sa mata ciwon ko?

"Ba zan yi miki ƙarya ba, wankin bai taimaka ba. Jakar yau kuma kin gani da idonki. Amma abin da aka yi don wuni ɗaya, kafin ya kai hannunki ranar Laraba ya riga ya gama aikinsa. Gawa kika yi ta wankewa, 'yan mata."

Ban san ko sauƙi ne wannan ba.

Ta ce wa Mama ba za ta sa maganar a takarda ba sai da yardarta, amma ta tuna akwai wasu ƙirazan a ɗakin. Mama ta janye abin fuskar ta ce, "Rubuta. Ƙwai ya riga ya fashe." Ba ta dube ni ba.

Asabar, 22 ga Maris

An sallamo ta. Na wanke falon da ruwa, bango da ƙasa, tana ɗakin tela wurin matarsa har ya bushe. Jakar na ƙulle ta a leda biyu, tela ya tafi da ita.

"Miƙo ruwa." "Rufe taga." Iyakar abin da ke shiga tsakaninmu ke nan.

Litinin, 24 ga Maris

Kwana shida ba ta ce min Malama ba.

Alhamis, 27 ga Maris

Ranar zama. Ba a bar ni na shiga ba, na zauna a benci wajen mai gadi da jakar magungunanta a cinya. Daga nan ana jin injinan, tak-tak-tak, ba hutu. Sau da yawa na raka Mama bakin get ɗin nan, ban taɓa lura da cewa ganyen bishiyar da ke jikin tagar ɗakin ɗuri fari-fari ne ba.

Abin da ya faru a ciki daga bakin Anti Rediyo na ji, don an kira ta shaida, kuma tun daga get har tasha ba ta haɗiyi yawu ba.

Wai Mai Agogo ya zo da takardata, ya ɓamɓaro ta daga bayan ƙofa, ya shimfiɗa a gaban manaja. Ya ce ga hujja, daga gidan matar nan ɓarnar ta fito, shi bai taɓa sanin ana yi ba.

"Na ce masa, ranka ya daɗe, wata shida kana wuce ta kullum, ko ita ma agogo ce da za ka ce ta tsaya? Ba kai ka tara mu ka ce mu yi koyi ba? Ka ɗauka mala'iku ke sauko mata da sabo?" Ta ce har matar ofishin ma'aikata sai da ta rufe baki da fayil.

Manaja ya tambayi wa ya rubuta. Anti ta ce Mama ta miƙe, da muryar nan tata da ta dushe, ta ce, "'Yata ce. Ta ga uwarta da datti a fuska ta wanke. In laifi ne ku rubuta a kaina. Ku kuma da kuka ga dattin kullum, me kuka yi?"

Na kalli Mama. Tana kallon titi kamar ba a kanta ake magana ba.

Sun ce hukunci sai Laraba.

Juma'a, 28 ga Maris

Baba ya dawo. Ya ji komai daga bakin Mama, ƙofa a rufe. Da ya fito ya dafa kaina kawai ya wuce alwala. Da ya yi faɗa da ya fi min sauƙi.

Laraba, 2 ga Afrilu

Takarda ta zo, ni na karanta mata. Ba a kore ta ba. An mayar da ita sashen manna takarda, tsallaken titi. Amma da gargaɗi a rubuce, na fita da kayan aiki ba izini, zai zauna a fayil ɗinta. Na karanta wurin da sauri. Ta ce in maimaita. Na maimaita.

Ba za ta sake taɓa injinta ba har abada. Ta ce ita ce kaɗai ke gane lokacin da zai sarƙe, daga sautinsa, tun kafin ya yi. Ta faɗa tana naɗe takardar ƙanana-ƙanana. "Yanzu sai liƙa takarda kamar 'yar firamare."

Na ce, Mama, ki yafe min.

Ta ce, "Na ji." Can kuma, ina wanke kwanuka, ta ce, "Malama, wannan tukunyar ba ta fita ba."

Ta fita sarai. Na sake wanke ta.

Lahadi, 6 ga Afrilu

Anti Rediyo ta zo. An gwada su duka. Ita da wata mai ciki hannunsu ya tashi ja. Nata bai kai ƙirji ba tukuna, in ji Sista, in an kiyaye. Ta ce, "Ka ji min hoda da rashin kunya, duk matan duniya sai mai bakin da ba ya rufuwa." Ta yi dariya, amma ba irin tata ba.

Yanzu sito na ba da sabo kullum. Sai dai ta ce matan ba su yarda abin zai ɗore ba, sun san halin kamfani, da an kwana biyu za a ce ya ƙare. Don haka wasu na ɓoye sababbin a jaka, suna sa wankakken. 'Yan yamma ma har yanzu da kwafin takardata suke aiki. Sanarwar da ofis ya manna da Turanci ce, dogon Turanci, ba mai tsayawa. Fankar kuma an zo an duba ta, an tafi.

An duba an tafi! Na ajiye kofin da ƙarfi har shayi ya zube. Anti ta ce, "A'a, ashe farfesa na da zuciya?" Na ce hannuna ne ya zame.

Wataƙila hannuna ne.

Da suka shiga ɗaki na zauna na gwada rubuta sabuwar takarda a bayan littafin nan. Ba mataki shida ba, layi huɗu. Cewa ni ce na rubuta ta farko kuma kuskure na yi. Cewa wanda aka wanke ba ya tare komai. Cewa kada a kai jaka ko takunkumi gida. Na huɗun a kan fanka ne, cewa takunkumi kaɗai ba ya isa, su tambaya, su yi ta tambaya. Na soke shi, don ba huruminna ba ne, ni wace ce. Na sake rubuta shi a ƙasa. Sau biyu ina sokewa. Yana nan.

Ban yi kuka ba yau, sai yanzu na lura. Ban san ko daidai ne ba, Mama na can da gargaɗi a fayil saboda ni.

Wancan karon ban tambayi kowa ba, shi ya kawo mu nan. Kuma Mai Agogo ya san rubutuna yanzu, in ya ga layi na huɗu a kan Mama zai huce, ba a kaina ba. Don haka ba zan ba Anti ba sai Mama ta gani. In ta ce a'a, a'a ne. Ina jin.

Anti na sallama. Mama za ta fito tsakar gida yanzu ta zauna a kujerarta. Na maimaita abin da zan ce mata sau uku a raina:

Mama, na san abin da rubutuna ya jawo miki. Ga wani na yi, zan karanta miki shi duka, har layin ƙarshe. Kin yarda in sake rubuta musu?